Kajin gida ko kajin turawa: shawara nake nema kafin hunturu ya shigo

Manomi daga Tibiri

Assalamu alaikum, iyayena da ƴan'uwana. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke kusa da Tibirin Gobir, ina noman gero da wake da ƴar gyaɗa, kuma a gidanmu ba a taɓa rabuwa da kaji ba tun zamanin kakanni. Bara da kaka kajin gidana sun kai 34 idan aka haɗa da ƴan tsaki, mafi yawansu na uwargida ne da yara. Da muka sayar da gyaɗa sai na je babbar kasuwar Maraɗi ranar Juma'a na sayo wani ƙaton zakara mai jinin kajin turawa, da niyyar ya gyara mini iri, na kawo shi gida na sake shi cikin sauran a yammacin ranar. Ba a cika kwana goma ba kaji suka fara takurewa, fukafukai a sake kamar sun yafa bargo, suna zawo kore, wasu kuma wuyansu ya murɗe suna ta juyawa a wuri guda. Mun jiƙa saƙesaƙin maɗaci, mun daka barkono mun zuba a ruwan shansu, mun fasa kafso mun ba su, amma kafin ƙarshen Janairu biyar kaɗai suka rage.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, wani abokina yana ta ba ni shawara in rabu da kajin gida gaba ɗaya, in gina ɗaki in zuba na turawa, domin a cewarsa namu ba su da ƙwai, ba su da nama, kuma ba sa jure ciwo. A gefe guda kuma ƙanena da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya nuna mini wani bidiyo a wayarsa na manoman tsibiran ƙasar Filifin, mutanen ƙauye masu ƙananan gonaki, waɗanda suka riƙe kajinsu na gado suna kiwo a ƙarƙashin itatuwan kwakwa, kuma kazar tasu ta fi ta gidan gona tsada a kasuwa. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin gidajen da na gani a bidiyon ba su fi namu wadata ba.

Ina roƙon waɗanda suka san harkar su faɗa mini gaskiya. Shin abin da mutanen tsibiran nan suke yi zai yiwu a ƙasarmu mai rani wata takwas, ko kuwa shawarar abokina ce daidai? Kajin nan su ne kuɗin sabulu da na littafin yara da abin yanka wa baƙo, kuma ba na so hunturun bana ya same mu yadda na bara ya same mu.

Tsohon ma'aikacin kiwo, Maraɗi

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya mayar maka da alheri. Na yi shekaru ina yawon ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji da Dakwaro a kan aikin lafiyar dabbobi, kuma labarin da ka ba da na ji irinsa a gidaje da ba zan iya ƙirgawa ba. Ka riga ka faɗi abin da ya kashe kajinka da bakinka ba tare da ka lura ba, wato zakaran da ka sayo ranar Juma'a ka sake shi cikin garke a ranar. Alamomin da ka lissafa, da lokacin da abin ya faru, da yawan da suka mutu, duk sun yi kama da cutar da wasu ke kira fakat, likitoci kuma suna ce mata Niyukasil. An fara gane ta a 1926, a tsibirin Jaba na Indunusiya da kuma garin Niyukasil na Ingila inda ta samo sunanta. Ƙwayar da ke haddasa ta ba irin wadda kafso ke kashewa ba ce, kuma har yau ba ta da magani idan ta kama kaza, sai dai rigakafi. Maɗaci da barkono ba su taɓa tsayar da ita ba. Kajin da suka tsira bayan an ba su jiƙo, da ma can za su tsira. Idan ta shiga garken da ba a yi wa rigakafi ba tana iya share kusan duka, kuma ba ta tambayar ko kazar ta gida ce ko ta turawa. Da abokinka zai zuba kajin turawa 200 a ɗaki ba rigakafi, da asararsa ta fi taka nesa ba kusa ba.

Rigakafin iri biyu ne ake samu a ƙauyuka. Akwai na allura, wanda ake yi wa kaza rabin mililita, kariyarsa tana kai kusan wata shida. Akwai kuma wanda ake kira I-2, wanda masana a Ostareliya suka samar musamman domin kajin ƙauye saboda ya fi sauran jure zafi. Ɗigo ɗaya ake ɗiga wa a ido, ana yi wa babba da ɗan tsako, a maimaita duk wata huɗu. Jure zafi ba ya nufin a bar kwalbar a rana ko a aljihun riga. A ɗauko ta cikin sanyi, ko a naɗe da jiƙaƙƙen tsumma a cikin kwando, a yi aikin da sassafe a inuwa, kuma kwalbar da aka buɗe kada a ajiye ta har zuwa wani mako. Abu biyu ne ke ɓata sunan rigakafi a wurinmu. Na farko, mutane ba sa kiran ma'aikaci sai kaji sun fara mutuwa, alhali kariyar tana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ta kama jiki, sai kajin da cutar ta riga ta shiga su mutu a ce allura ce ta kashe su. Na biyu, gida ɗaya ya yi, gidaje ashirin su ƙi, kaji kuwa ba su san katanga ba. Saboda haka ka yi magana da mai gari da maƙwabtanka, ku haɗu ku kira mai taimakon likitan dabbobi na yankinku a watan Oktoba, da zarar an gama yankan gero, kafin iskar hunturu ta taso. Tsarin likitocin dabbobi masu zaman kansu da ke da mataimaka a ƙauyuka ya daɗe a jiharmu, a Dakwaro aka fara shi, kuma ofishin ma'aikatar kiwo na gundumarku zai nuna maka wanda ke kula da ku. Kuɗin rigakafin garke guda bai kai kuɗin kaza ɗaya ba.

Duk kazar da ta fito daga kasuwa, ko kyauta ce daga surukai, a keɓe ta mako biyu nesa da sauran, da mazubin ruwanta daban. Wadda ta mutu a haƙa rami a binne ko a ƙone, kada a jefa bayan gida karnuka su ja. Kuma idan ka ga kaji suna faɗuwa farat ɗaya da yawa, zankonsu ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, kada a yanka a ci, a sanar da ma'aikatar kiwo nan take, domin murar tsuntsaye tana kama da wannan cuta kuma ita tana iya kama mutum. Mun gan ta a ƙasar nan tun Fabrairun 2006 da ta ɓulla a Magarya.

Game da bidiyon da ka gani, gaskiya ne mutanen Filifin suna da kajinsu na gado masu sunaye, kamar Darag a tsibirin Panay da Paraoakan a tsibirin Palawan, kuma masu saye suna biyan kuɗi fiye da na kajin gidan gona saboda ɗanɗanon naman. Sai dai ƙasarsu tsibirai ce fiye da 7000, inda ruwan sama a wurare da yawa yake wuce milimita 2000 a shekara, mu kuwa a nan muna tsakanin 400 da 600, cikin wata uku zuwa huɗu. Kazarsu tana samun ɗanyar ciyawa da tsutsa da ƙwari kusan duk shekara, ga tuƙar kwakwa da rogo da ɓarzajjiyar shinkafa. Tamu daga Maris zuwa Yuni ƙasa kawai take tona. Ba za ka iya kwaso damunarsu ba. Abin da za ka ɗauka daga wurinsu shi ne sun daina kallon kazar gado a matsayin abin da ke kiwon kansa, suna zaɓen iri, suna yi mata rigakafi, suna yi mata makwanci, suna ƙara mata abinci. Mu ma mun san wannan hanya, domin jar akuyar Maraɗi ba daga waje aka kawo ta ba, tamu ce aka tsaya aka kula da ita har aka yi mata cibiya a garin nan, sunanta ya kai ƙasashe.

Uwargida daga Madarunfa

Baba ya gama magana a kan ciwo, Allah ya saka masa. Ni kuma ina so in ja hankalin Malam kan wata asarar da ba a cika lissafawa ba saboda ba ta zuwa rana ɗaya, wato ta ƴan tsaki. Kazar gida takan yi ƙwai 10 zuwa 15 ta kwanta, bayan kwana 21 ta fito da goma ko fiye, amma a je a ƙirga su bayan wata biyu, sau da yawa uku ko huɗu za a tarar. Shirwa ta ɗauki nata, muzuru da tunku su ɗauki nasu da dare, sanyin asuba ya kashe wasu, wasu su faɗa kwatami, wasu kuma uwar ta yi ta jan su cikin gari har ƙishirwa ta gama da su. An ce kaza mai ƴaƴa ita ke tsoron shirwa, amma tsoronta ba ya hana a ɗauka idan tana tsakiyar fili.

Abin da nake yi shekara da shekaru ba ya cin kuɗi. Ina da babban kwando na kaba mai faɗin baki, wanda nake kifewa a kan uwa da ƴaƴanta a inuwar darbejiya, in riƙa matsar da shi zuwa sabon wuri kowace safiya, har su yi mako huɗu zuwa shida. Ruwansu a murfin tukunya mara zurfi nake zubawa, in jera ƴan tsakuwoyi a ciki don kada su jiƙe ko su nutse. Abincinsu tsakin gero ne da dusa, da ɗan garin ƙuliƙuli wanda ba shi da yaji ko gishiri mai yawa kuma bai yi fumfuna ba, da ganyen zogale busasshe da na murtsuke. Abin da ya fi gina su kuwa gara ce. Ina samun tsohuwar tukunya in cusa mata busasshen kashin shanu da karan gero da ɗan tsumman buhu, in yayyafa ruwa, in kife ta da yamma a wurin da gara ke fitowa, in rufe da ciyawa don rana kada ta busar da ita. Washegari da hantsi in ɗaga in kaɗe musu a gabansu. Duk wanda ya ga yadda ƴan tsaki ke rububin wannan gara ba zai sake cewa sai da abincin buhu ake kiwo ba. Tukwane uku nake juyawa don kada rana ta wuce ba su samu ba.

Wajen kwanci ma akwai kula. Ba na sa wa kaza fiye da ƙwai 12, kuma ba na haɗawa da wanda ya wuce mako guda a ajiye. Idan ta kwana goma a kai, da dare nakan ɗauki tocila in haska kowane ƙwai a tafin hannu; mai ɗa za a ga duhu da jijiyoyi, wanda ba komai kuwa fes yake, sai in cire shi. A tsananin zafin Afrilu da Mayu ƙyanƙyasa ba ta yin kyau, don haka a lokacin mun fi cin ƙwan ko mu sayar. Akurki kuma a riƙa share shi, a liƙe tsagogin bango da laka, a barbaɗa toka, domin ƙuma da kaska a tsaga suke ɓuya da rana su fito su sha jini da dare, har kaza ta gudu ta bar ƙwanta.

Dalilin da ya sa ba zan taɓa rabuwa da kazar gida ba shi ne kwancin nan. Da damina idan zabi sun fara ƙwai, ita nake sa wa ƙwan zabi ta kwanta kwana 26 zuwa 28, ta kuma rene su fiye da yadda zabuwa za ta yi. Kazar turawa mai ƙwai ba ta kwanci, an cire mata wannan hali. Wanda ya zuba su sai ya koma sayen ƴan tsaki kowane zagaye, mu kuwa mata a ƙauye ba mu da wannan jarin.

Dillalin kaji, kasuwar Maraɗi

Malam, ni a kasuwa nake wuni, kuma zan faɗa maka abin da idona ke gani. Idan ciwo ya shiga ƙauye, abin da mutane ke fara yi shi ne su kwaso sauran kajin su kawo mana da araha kafin su mutu a hannunsu, mu kuma mu zuba su keji ɗaya da masu lafiya. Kaza tana iya ɗauke da ciwon kwana da kwanaki tana cin abinci ba a gane ba. Don haka daga Disamba zuwa Maris, idan ka ga kaza ta yi araha fiye da kima, ka yi hattara, kuma idan iri kake nema ka saya a gidan wanda ka sani, ba a keji ba.

Batun ciniki kuwa, kazar gida ba ta kwantai. Masu gashi da masu abinci da matan gida ita suke fara tambaya saboda naman ya fi tauri da daɗi a miya, kuma ana lodinta zuwa Yamai da ƙetaren iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya. Farashi yakan tashi gab da sallah ƙarama da ƙarshen shekara, kuma farin zakara tas ko ja wur yana da masu nemansa daban. Kajin turawa na nama suna kai wa yanka cikin mako shida zuwa takwas, amma daga ranar da suka isa, duk kwanan da suka ƙara abincinka suke ci a banza, ga zafin bazara yana kashe su, sai mai su ya sayar yadda aka taya. Mai kazar gida yana iya cewa albarka ya koma da abinsa gida ya jira wata kasuwar, sai dai idan ya koma da ita ya keɓe ta kamar yadda Baba ya ce.

Manomi daga Tibiri

Na gode, Baba, na gode Hajiya, na gode ɗan'uwa. Wallahi ban taɓa danganta mutuwar kajin da zakaran nan ba, domin shi ne ma ya fi daɗewa kafin ya faɗi. Na riga na yi wa mai garinmu magana, ya ce zai tara mutane bayan sallar Juma'a. Tambaya ɗaya ta rage mini, Baba. Daga biyar ɗin da suka tsira yanzu muna da 19. Shin in sake neman zakaran turawa daga hannun wanda na yarda da shi don ƴaƴan su yi girma, ko in bar su yadda suke?

Tsohon ma'aikacin kiwo, Maraɗi

Ɗana, a shekarun baya an yi shirye-shirye a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma inda aka raba wa ƙauyuka zakarun turawa aka ce a yanka na gida, kuma mafi yawansu ba su ɗore ba. Zakarun ba su iya gudun shaho ba, ba su jure yunwar rani ba, kuma inda suka rayu, ƴaƴan farko sun yi girma amma jikoki mata suka riƙa rage kwanci, wanda shi ne ainihin abin da Hajiya ta ce kada a rasa. Kazar turawa mai ƙwai tana iya yin 250 zuwa 300 a shekara, tamu 40 zuwa 60, amma waccan tana cin abincin buhu fiye da giram 100 kowace rana, kuma ranar da ka gaza saye ƙwai ya tsaya. Wannan sana'a ce ta mai jari da ke kusa da gari, ba laifi ba ce, amma ba ita ka tambaya ba.

Shawarata ka yi zaɓe a cikin naka. Ka lura da kazar da ke yin ƙwai da yawa, ta ƙyanƙyashe kusan duka, ta kuma raini ƴaƴanta har su girma, ka bar sagarorinta su zama iyaye. Wadda ke fasa ƙwai ko ta tashi daga kwanci, ita ce ta yanka wa baƙo. Mu a nan mun saba da akasin haka, mukan kai mafi girman zakara kasuwa saboda ya fi kuɗi mu bar ƙanƙanin a gida yana hawa, shekara da shekaru, sannan mu ce iri ya lalace. Ka bar mafi ƙarfi da saurin girma, zakara ɗaya ga kaji goma ya isa, sauran ka sayar da su da sun kai wata biyar ko shida. Tunda duk 19 ɗin nan daga kaji biyar suka fito, jininsu ya yi kusa, don haka bana ka yi musanyar zakara da wani ƙauye, daga gidan da ka tabbatar ana rigakafi, ka keɓe shi mako biyu, sannan ka riƙa canzawa duk shekara.

Kada kuma ka yi gaggawar tara su da yawa. Abin da kaji ke tsinta a gida da bola da gindin rumbu yana da iyaka, kuma idan rigakafi ya kama, garke zai ninka cikin shekara guda, yunwa ta maye gurbin ciwo. Ka ware musu dusa da ɗan gero tun yanzu da kaka, ka ƙona ƙashi ka daka musu saboda ƙarfin ɓawon ƙwai, ruwa kuma kada ya yanke a inuwa. Ka sa yaronka ya samu littafi ya riƙa rubuta ranar rigakafi, da yawan ƙwan da aka sa wa kowace kaza, da waɗanda suka fito, da waɗanda suka kai wata biyu. Idan kun yi na Oktoba da ɗigon ido, na biyu zai faɗo a Fabrairu, na uku a Yuni.